Ina manyan kwaɗin ruwa suke shiga da rani?

Tambaya: Akwai kududdufin da yake ƙafewa ƙaf tun farkon rani, ƙasarsa ta tsattsage, ko ɗigon ruwa babu har tsawon watanni. Amma ranar da aka yi ruwan farko mai ƙarfi, daren nan ba a samun barci saboda kukan manyan kwaɗi. Ina suka shiga duk tsawon lokacin nan? Wasu sun ce da ruwan sama suke saukowa, wasu sun ce laka ce take rikiɗa ta zama kwaɗo. Kuma me suke ci? Suna da dafi?

Amsa: Malam, ba daga sama suke faɗowa ba, laka kuma ba ta haihuwa. Duk kwaɗon da ka ji yana kuka a daren ruwan farko ya shekara a raye, ko dai a ƙarƙashin ƙasar da kake takawa, ko kuma a wani wuri mai laima da ya baro ya tako da ƙafarsa cikin dare. Wanne ne daga ciki, ya danganta da irin kwaɗon, domin a duniya akwai nau'in kwaɗi fiye da 7,000, kuma kududdufi guda ɗaya a ƙasar da ake rani da damina yana iya tara iri goma ko fiye a dare ɗaya. Tunda ka ce manya ne masu kaurin murya, zan fi tsayawa a kan wanda ya fi yawa a cikinsu, babban kwaɗon ruwa da yake cikin waɗanda ake kira bududdugi. Masana dabbobi suna kiransa Hoplobatrachus occipitalis. Wani masani haifaffen Jamus mai suna Albert Günther, wanda ya yi aiki a gidan tarihi na Landan, shi ya fara bayaninsa a rubuce a shekarar 1858.

Gane shi ba wuya. Jikinsa kore ne mai duhu ko ruwan toka, da ɗige-ɗige baƙaƙe, da 'yan gajerun tudu-tudu a jere a gadon baya. Cikinsa fari ne, sau da yawa da dabbare-dabbare. Idanunsa suna can saman kai, hancinsa ma haka, ta yadda zai nutsar da jikinsa duka ya bar ido da hanci kawai a waje. Idan ka duba bayan idanun za ka ga wani layi mai haske ya ratsa kan daga wannan gefe zuwa wancan, kuma wannan layin shi ne babbar alamarsa. Yatsun ƙafarsa ta baya biyar ne, fata ta haɗe su har kusan ƙarshe, na gaba kuma huɗu ne a rarrabe. Mace ta fi namiji girma, babbar takan wuce santimita 12. Kama shi da hannu aiki ne, domin fatarsa santsi gare ta, ga ƙarfin cinya.

Kafin mu bi shi zuwa maɓoyarsa, sai ka san abu ɗaya, wanda duk sauran halayensa suka rataya a kansa: kwaɗo ba ya shan ruwa da baki. Ta fata yake sha, musamman fatar mara da ta ƙasan cinya. Idan ya zauna a ƙasa mai laima ya baje, sha yake yi. Ta fatar nan kuma yake samun wani kaso na iskar da yake buƙata, bayan wadda yake turawa huhu da motsin maƙogwaro, wannan ɗan bugawar da kake gani a ƙasan haɓarsa ba dare ba rana. To fatar da ruwa ke shiga ta cikinta cikin sauƙi, cikin sauƙi kuma yake fita. Ƙadangare yana iya kwanciya a kan dutse mai zafi da tsakar rana saboda ɓawon jikinsa ya tsare masa ruwa. Kwaɗon ruwa in ya gwada haka, 'yan sa'o'i kaɗan sun ishe shi ya bushe. Saboda haka dare ne ranarsa, damina ce shekararsa, rani kuwa jira ne kawai.

Shi wannan babban kwaɗo hanyar da ya fi bi ita ce ƙaura. Da ruwa ya fara janyewa sai ya bar fili ya nufi inda ruwa ba ya ƙarewa: bakin kogi, tafki mai zurfi, gindin madatsar ruwa, magudanar lambu, tsohuwar rijiya. Da rana yana cikin rami a gaɓar kogi, ko ƙarƙashin dutse, ko tsakanin saiwoyi, ko cikin tsagar laka mai zurfi inda sanyi da laima ba su gama tafiya ba. Wasu masana biyu daga jami'ar Würzburg ta Jamus, Marko Spieler da Eduard Linsenmair, sun bi diddigin wannan kwaɗo a gandun dajin Comoé da ke arewacin Kodebuwa a shekarun 1990. Sun sanya wa wasu kwaɗin 'yar na'ura mai aika sigina, suka riƙa binsu. Abin da suka gani shi ne da rani kwaɗin suna tattare a bakin kogi, amma da ruwa ya sauka sai su bazu cikin daji, kuma akwai wanda yake cin fiye da kilomita ɗaya a dare guda. Ka ga ke nan kududdufin da ya kwana babu kowa yana iya wayar gari cike, ba tare da wani abin al'ajabi ya faru ba in ban da tafiyar dare a kan ciyawa mai jiƙe.

Maƙwabtansa kuwa kowa da dabararsa, kuma a ganina nan ne abin ya fi ban sha'awa. Akwai wani ƙaton kwaɗo mai faɗin baki, dangin Pyxicephalus, wanda shi ba ya zuwa ko'ina. Tun ƙasa tana da taushi yake tona rami da ƙafar baya, yana juyawa yana nutsewa, har ya ɓace. A can ƙasa sai fatarsa ta riƙa saɓulewa, amma maimakon ya cinye ta kamar yadda kwaɗi suka saba, sai ya bar ta a jikinsa, wani a kan wani, har ta zama kwanso ta rufe shi ruf, hanci kawai ya rage. Bugun zuciyarsa ya ragu, numfashinsa ya yi ƙasa, ya rayu da kitsen da ya tara da ruwan da ya adana a mafitsara. Haka zai kwanta wata da watanni har ruwa ya ratso ƙasa ya jiƙa kwanson. Wannan shi ne wanda ake gani yana fitowa daga laka, har aka ɗauka lakar ce ta haife shi. Akwai kuma wani ɗan mitsitsin kwaɗon ciyawa, Hyperolius nitidulus, wanda ya yi akasin kowa: 'ya'yan da aka haifa a ƙarshen damina sukan hau busasshiyar ciyawa su lafe, su naɗe hannu da ƙafa a ƙarƙashin jiki, fatarsu ta koma fara sol saboda wasu ƙananan ƙwayoyi masu mayar da hasken rana, su zauna a fili cikin zafin bazara har damina ta dawo. Wani kuma mai jan baya, Phrynomantis microps, cikin gidan manyan baƙaƙen tururuwa masu harbi yake shiga ya yi rani, kuma ba sa taɓa shi, domin fatarsa tana fitar da sinadarin da ke hana su kai masa hari. Kwaɗon tudu mai ƙuraje-ƙuraje, wanda kowa ya sani a gindin fitila, shi ko suri, ko ramin ɓera, ko ƙarƙashin tarin duwatsu ya ishe shi.

To me zai sa kwaɗon da yake zaune lafiya a bakin kogi ya bar ruwa mai yawa ya tafi neman kwatami wanda mako biyu na rashin ruwa zai iya ƙafar da shi? Kifi ne dalili. Ruwan da ba ya ƙafewa yana da masu shi: tarwaɗa da sauran kifaye, da manyan ƙwarin ruwa, duk masu cin ƙwai da 'ya'yan kwaɗi. Sabon ruwan da ya taru jiya kuwa babu kowa a cikinsa tukuna, ga ɗumi, ga abinci yana tsirowa da sauri. Wanda ya riga zuwa shi ke da riba. Sai dai caca ce. A kogi abokan gaba ne za su cinye 'ya'yan, a kwatami rana ce za ta soya su idan ruwa ya yi jinkiri. Duk rayuwar wannan kwaɗo tsere ce tsakanin girman 'ya'yansa da ƙafewar ruwa, kuma wannan ne ya sa ba ya ɓata ko dare ɗaya bayan ruwan farko.

Kukan da ya hana ka barci na maza ne kaɗai. Namiji yana da jakar iska guda biyu, ɗaya a kowane gefen maƙogwaro, da suke fitowa ta wata 'yar tsaga idan ya hura su. Bakinsa a rufe yake lokacin da yake kukan. Iska ce yake turawa daga huhu ta bi ta maƙoshi ta cika jakunkunan, sannan ya mayar da ita huhu, ya sake turowa, shi ya sa yake iya kwana yana yi bai gaji da numfashi ba. Muryar wannan nau'in tana da kauri, a hankali take fita, kamar nishin bijimi daga nesa. Kowane nau'in kwaɗo da irin muryarsa, kuma kunnen mace, wannan zagayayyen faifan da ke bayan ido, ya fi kama muryar jinsinta. Shi ya sa iri goma za su haɗu a ruwa ɗaya kowa na ihu, amma ba a cika samun ruɗani ba. Wanda ya saba da aikin yana iya tsayawa cikin duhu ya lissafa irin kwaɗin da ke wurin da kunne kawai, kuma haka ake yawan yin ƙidayarsu.

Idan mace ta iso, namiji yakan hau bayanta ya rungume ta ta ƙarƙashin hammata. A lokacin haihuwa yatsunsa na gaba suna yin kanta mai kaushi don kada santsi ya zame shi. Babu saduwa irin ta dabbobi masu shayarwa. Ita tana sakin ƙwai cikin ruwa, shi kuma yana zuba maniyyi a kansu a waje. Kwaɗon tudu yakan saki ƙwansa dubbai a jere cikin dogon zare mai yauƙi, wanda za ka gani ya nannaɗe ciyawa. Shi wannan ba haka yake yi ba. Kaɗan-kaɗan yake zubawa, nan da can, a ruwa marar zurfi, kuma in da hali ya raba su a wurare daban-daban.

Masanan nan biyu sun yi wani binciken a kan haka, wanda aka buga a 1997, kuma har yanzu ina ganin yana cikin mafi kyau da aka yi a kan kwaɗin Afirka. A gaɓar kogin Comoé akwai shimfiɗaɗɗun duwatsu masu ramuka da yawa, manya da ƙanana, waɗanda ruwan sama ke cikawa. Sun riƙa auna ramukan suna duba wanne aka zuba ƙwai a ciki, wanne aka ƙyale. Sai suka tarar kwaɗin ba da ka suke zaɓa ba. Sun fi zuba ƙwai a ramin da yake daɗewa da ruwa, kuma girman rami a daren da aka yi ruwa ba shi ne ma'auni ba, domin wani ramin faɗi gare shi amma yoyo yake yi. Alamu sun nuna kwaɗin suna zagayawa ramukan da suka sani a kai a kai, ta haka suke gane wanda ruwansa ke saurin raguwa. Abu na biyu ya fi wannan ban mamaki: suna guje wa ramin da 'ya'yan jinsinsu suka riga suka shiga, ko da ramin yana da kyau, kuma ko da ba a ganin 'ya'yan da ido. Ta sinadarin da ke cikin ruwan suke ganewa.

Dalilin gudun nan yana cikin bakin ɗan kwaɗon. 'Ya'yan yawancin kwaɗi, waɗannan masu jela da ke yawo a ruwa, gansakuka da ruɓaɓɓen ganye suke kankara da 'yan ƙananan haƙora, hanjinsu dogo ne a naɗe kamar na duk mai cin ganye. Na wannan kwaɗo mafarauta ne. Suna da muƙamuƙi baƙi mai kaifi da tsoka mai ƙarfi. Ƙwan yakan ƙyanƙyashe cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma ba da jimawa ba ɗan zai fara cin tsutsar sauro, da ƙananan halittun ruwa, da 'ya'yan wasu kwaɗi. Idan ka sa ido a ruwa marar zurfi za ka gan shi kwance a ƙasa shiru, launinsa ya saje da laka, sai wani ƙaramin ya gifta ya zabura ya cafke shi ta jela ko ta ciki. Ba ya kuma bambanta bare da ɗan'uwa. Wanda ya girme ka da kwana huɗu ya isa ya cinye ka. Saboda haka uwar da ta zuba ƙwai inda aka riga ta, abinci kawai ta kai wa 'ya'yan wata. Nan ma za ka gane hikimar da ke cikin yin haihuwar gaba ɗaya a dare guda: idan duk sa'o'in juna ne, babu wanda ya fi wani girman da zai haɗiye shi.

Mutum yana iya jin ƙyamar wannan hali, amma ka dubi lissafin. Nama ya fi gansakuka gina jiki, mai cin nama ya fi saurin girma, kuma a ramin da ruwansa ke raguwa kullum, sauri shi ne rai. Cikin 'yan makonni, wani lokaci wata bai cika ba, ɗan ya kai matakin rikiɗa.

Rikiɗar kanta aiki ne babba. Ƙafafun baya ne suke fara tsirowa a gindin jela. Na gaba suna girma a ɓoye a ƙarƙashin fata, sai rana ɗaya su ɓullo. Daga nan abubuwa suke gudu: abin numfashin ruwa irin na kifi ya shanye, huhu ya karɓi aiki, baki ya tsage ya yi faɗi, harshe ya fito, idanu su ɗago sama. Jelar ba guntulewa take yi ba, jiki ne yake narkar da ita ya sha, kuma ita ce abincinsa a 'yan kwanakin da bakinsa ke sauyawa ba ya iya cin komai. Abin da ke jan ragamar wannan duka sinadari ne daga ƙullutun nan na wuya, wanda idan ya kumbura a jikin mutum ake cewa ya yi maƙoƙo. Tun 1912 wani masani mai suna Gudernatsch ya gano haka, da ya ciyar da 'ya'yan kwaɗi naman wannan ƙullutu ya ga sun rikiɗe tun lokacinsu bai yi ba, suka zama 'yan mitsi-mitsin kwaɗi. An kuma nuna a wasu nau'o'in cewa idan ruwa ya fara ƙafewa, ɗan kwaɗo yana iya gaggauta rikiɗarsa ya fito ƙarami, gara hakan da ya mutu a laka.

Ga inda zancen saukowa daga sama ya samo asali. Tunda dare ɗaya aka zuba ƙwan, kusan lokaci ɗaya 'ya'yan suke gama rikiɗa. Sai su taru a bakin ruwa cikin ciyawa, ɗaruruwa ko dubbai, kowanne bai fi kan yatsa ba, ba sa iya ratsa busasshiyar ƙasa. Da an sake yin ruwa sai su watsu gaba ɗaya. Mutum ya fito bayan ruwa ya ɗauke ya ga fili yana tsalle-tsalle, jiya kuma babu komai, dole ya ɗaga kai ya dubi gajimare. An taɓa samun guguwa mai ƙarfi ta tsotsi ruwan tafki da abin da ke cikinsa ta zubar a wani wuri, amma wannan abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, kuma ba shi ne abin da kake gani duk shekara ba.

Batun abinci kuwa, babban kwaɗo ba ya zaɓe. Ƙa'idarsa biyu ce: abin ya motsa, kuma ya shiga baki. Fara, gyare, buzuzu, gizo-gizo, tana, shinge a daren da suka tashi, ƙananan kifi, ƙaguwa, da kwaɗin da ba su kai shi ba, har na jinsinsa. Ba ya yawon farauta sosai, zama yake yi a bakin ruwa ya jira. Idonsa motsi ya fi gani, shi ya sa matacciyar fara za ta kwana a gabansa bai kula ta ba. Harshensa a gaban baki yake manne, ba a maƙogwaro kamar namu ba, don haka wurgo shi yake yi ya faɗa kan ƙwaro ya dawo da shi kafin ƙiftawar ido. In abin babba ne sai ya yi tsalle da jikinsa duka, ya cafka, ya riƙa tura shi ciki da hannu. Yana da ƙananan haƙora a muƙamuƙin sama da rufin baki, na riƙewa ne ba na tauna ba. Sai ka lura da shi daidai lokacin da zai haɗiye: zai runtse idanu, ƙwayar idon ta nutse cikin kai. Babu ƙashi tsakanin idonsa da rufin bakinsa, saboda haka idanun suna danna abincin ne su taimaka wajen tura shi ciki. Da yake jikinsa ba ya ƙona abinci don samar da ɗumi kamar na tsuntsu ko ɓera, kaɗan yake buƙata, abin da ya ci da damina yana iya riƙe shi dogon lokaci.

Ana yawan cewa kwaɗi maganin sauro ne. A nan ina ɗan ja baya. Gaskiya ne 'ya'yan wannan nau'in suna cin tsutsar sauro a ruwan da suke ciki, amma babban kwaɗo ba ya ɓata ƙarfinsa a kan sauro, kuma sauro yana hayayyafa a wurare da yawa da kwaɗo ba ya zuwa, kamar gwangwani da tsohuwar taya da sawun kofato. Amfaninsa ya fi bayyana a kan ƙwarin da ke cin shuka.

Shi ma abincin wasu ne. Maciji, tsari, guza, kada, zalɓe, shamuwa, manyan kifaye, duk suna nemansa, 'ya'yansa kuma kififiya da tsutsar mazari da manyan ƙwarin ruwa suna ɗibarsu. Cikin ƙwai masu yawa da mace ta zuba, 'yan ƙalilan ne suke kai girma. Makaminsa gudu ne. Ka matso bakin ruwa da rana za ka ji fanjam, ya nutse ya cusa kai cikin laka. Ƙananan da matsakaita suna da wata dabarar mai kyan kallo: sukan bi saman ruwa da tsalle a jere, sau da yawa, ba su nutse ba, sai sun yi nisa sannan su shige. Da dare kuwa in ka ɗora tocila kusa da idonka ka haska ruwa, za ka ga idanunsu suna ƙyalli bibbiyu, kuma hasken yakan daskarar da su har ka matso kusa.

Dafi fa? Wannan kwaɗon ruwa ba shi da dafin da zai cuci mutum, ba ya harbi, ba ya tofi. Yauƙin jikinsa na kare fata ne daga bushewa da ƙwayoyin cuta. Kwaɗon tudu ne yake da wasu kumburi biyu a bayan idanu masu fitar da farin ruwa mai ɗaci idan an matsa masa, kuma wannan ruwan guba ne na gaske, yana taɓa zuciya idan ya shiga ciki. Karen da ya cafki kwaɗon tudu za ka ga yana dalalar da miyau yana goga baki a ƙasa. Abin yi shi ne a wanke masa baki da ruwa mai yawa, kansa a sunkuye don kada ya haɗiye, in kuma ya fara rawar jiki ko amai a kai shi wurin likitan dabbobi. Ga mutum, taɓa kwaɗo ba ya kawo ƙuraje, amma a wanke hannu bayan an taɓa, kada a kai shi ido ko baki, musamman yara. Ruwan da yake tsartuwa idan an ɗauke shi, wanda mutane ke tsoro, kusan ruwa ne zalla daga mafitsara. Shi ne ma yake asara, domin guzurinsa ne ya zubar don tsoro.

Yaɗuwarsa tana da faɗi: daga Senegal har Habasha, ya gangara kudu har Angola da Zambiya. Sauran 'yan gidansu na Hoplobatrachus duk a Asiya suke, irin su babban kwaɗon Indiya, shi kaɗai ne a Afirka. Har cikin Sahara akwai shi, a wasu tafkunan duwatsu na Muritaniya inda ruwa ke zama shekara, a wasu wuraren ma tare da kadoji. Waɗannan ragowar zamanin da Sahara take da koguna da ciyawa ne, shekaru dubbai da suka wuce. Ruwa ya janye ya bar su a tsibiran laima, hamada ta kewaye su.

A jerin hukumar IUCN mai lura da halittun da ke fuskantar ƙarewa, wannan nau'in yana cikin waɗanda ba a damu da su ba tukuna, domin yana jure zama kusa da mutane, har gonakin ban-ruwa suna ƙara masa wurin zama. Danginsa gaba ɗaya kuwa ba su samu wannan sa'ar ba. Babban nazarin da aka fitar a 2023 ya nuna kusan kashi 41 cikin ɗari na nau'o'in dabbobin ajin da kwaɗi suke ciki suna cikin haɗari, saboda lalacewar muhalli, da sauyin yanayi, da wata cutar fata dangin funfuna da ta yi ɓarna ƙwarai a Amurka ta Tsakiya da Ostareliya. Ko shi mai juriyar, fatar nan tasa mai shan komai ita ce rauninsa. Maganin feshi da aka wanke a bakin ruwa, ko man inji da ya gangara, kai tsaye yake shiga jikinsa, kuma ƙwai da 'ya'ya sun fi saurin mutuwa. Cike kududdufi da shara ko ƙasa kuma yana kashe haihuwar duk kwaɗin da ke zuwa wurin daga nesa, ba na wurin kaɗai ba.

Saura wanda ake tararwa a rijiya da rani, tunda shi ma ana yawan tambaya a kansa. Laima ya biyo, ya faɗa, kuma kamar yadda ake cewa, tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya amma ko ya yi dubu ba zai fitar da shi ba. Mai rai ba ya sa wa ruwa guba, wanda ya mutu ya ruɓe a ciki shi ne matsala. A fitar da shi da guga a sake shi a wuri mai inuwa da laima, da yamma ba da tsakar rana ba, sannan a yi wa rijiyar murfi da ɗan gini mai tsayi a bakinta.